Yadda Ake Gina Tauraron Labarin Zane da Mai Karatu Zai Ji Kamar Ya San Shi

Tun da gidauniyar Misk ta kafa kamfanin Manga Productions a Riyad, babban birnin Saudiyya, a shekarar 2017, sannan mujallun Manga Arabia suka fara fitowa a 2021, zanen manga, wato labarin zane irin na Japan, ya tashi daga abin da yaro yake yi a ɓoye a bayan littafin lissafi, ya koma aikin da ake iya ambata a gaban iyaye ba tare da an harare ka ba. 'Ya'yan Hausawan Makka da Jidda da Madina suna cikin waɗanda suka rungumi abin, kuma da yawansu hannunsu ya faɗa ƙwarai. Sai dai duk wanda ya buɗe littattafan zanensu zai tarar da matsala guda tana maimaita kanta: fuskoki masu kyau, gashi mai tsini, takobi mai walƙiya, amma babu mutum ɗaya a cikinsu da mai karatu zai damu ko ya ci abincin dare ko ya kwana da yunwa. Wannan damuwar ita ce ake nema, kuma akwai hanyar samar da ita.

Ka ajiye fensirin zane tukuna, ka ɗauki biro da takarda. Kafin ka san tsawon hancin tauraronka, ya kamata ka iya amsa tambayoyi guda uku a kansa da gajerun jimloli: me yake so a yanzu, me yake jin kunyar a sani game da shi, kuma me ba zai taɓa yi ba ko da za a ba shi duniya. Amsar farko ta zama abin da ake iya zanawa. "Yana son ya zama babban mutum" ba ya zanuwa, amma "yana son takalmin ƙwallo na riyal ɗari da hamsin da ya gani a wani shago" yana zanuwa, domin za ka iya nuna shi tsaye a gaban gilashin shagon yana lissafi da yatsunsa.

Zan ƙirƙiri yaro guda mu yi aiki da shi har ƙarshe. Sunansa Auwalu, shekararsa goma sha uku, haifaffen Shara Mansur a Makka. A makaranta da filin ƙwallo Larabcin Hijaz yake yi kamar kowa, a gida kuwa Hausa, musamman da kakarsa, wadda iyayenta suka zo da ita tana goye ta hanyar Chadi da Sudan suka tsallako Bahar Maliya. Mahaifiyarsa tana yin tuwo da waina ana kai wa masaukan alhazai a lokacin Hajji da Umarar azumi, kuma shi ne mai ɗaukar kuloli. Abin da yake so shi ne takalmin nan, da kuma a sa shi a cikin 'yan wasan unguwa maimakon a bar shi yana tsaron kayan mutane a gefen fili. Abin da yake jin kunya shi ne abokan ƙwallonsa su gan shi ɗauke da kular tuwo, ko su ji shi yana Hausa. Abin da ba zai taɓa yi ba shi ne ya taɓa kuɗin cinikin mahaifiyarsa. Ba mu zana ko layi ɗaya ba, amma labari ya riga ya fara motsi, saboda kuɗin takalmin suna wucewa ta aljihunsa kullum, kuma ba nasa ba ne.

Batun kunyar nan shi ne ya fi cancanta a daɗe a kansa, domin a nan masu farawa suka fi yin rowa. Suna tsoron ba tauraronsu aibi na gaske, sai su ba shi aibin da yake yabo ne a fakaice, kamar a ce ya cika tausayi ko ya cika jarumta. Mu kuwa da muka tashi da tatsuniya mun san ba haka ake kama zuciyar mai sauraro ba. Gizo maƙaryaci ne, mai haɗama, matsoraci, yana cutar Ƙoƙi kullum, amma da an ce "ga ta nan, ga ta nan ku" shi yara suke jira ya fito, saboda kowane yaro ya san yadda kwaɗayin abin da aka hana shi yake. Japanawa ma da wannan suke aiki. Nobita na labarin Doraemon, wanda aka fara bugawa a 1969, malalaci ne mai saurin kuka da yake cin sifili a jarrabawa, kuma wannan raunin ne ya sa yaran ƙasashe da dama suke ganin kansu a jikinsa. Aibin Auwalu ba kyakkyawa ba ne: yana iya wuce kakarsa a hanya kamar bai gan ta ba idan yana tare da abokansa. Mai karatu zai ji haushinsa, amma wanda ya taso tsakanin harsuna biyu a wannan ƙasa zai ji abin ya taɓa shi a wani wuri da ba ya faɗa wa kowa. Kada ka tausaya wa tauraronka har ka goge masa wannan.

Sharaɗin kawai shi ne aibin ya kasance yana da tushe, kuma mai karatu ya ga tushen da idonsa. Akwati ɗaya, wato hoto guda daga cikin waɗanda ake jerawa a shafi, ya isa: Auwalu yana ƙarami, ya saki kalmar Hausa a cikin aji, yara suka kwashe da dariya. Ba sai ka rubuta "tun daga ranar" ba, mai karatu zai haɗa da kansa.

Daga nan sai neman naman da za a sa wa wannan ƙashi, kuma ba a cikin manga ɗin wasu ake samo shi ba. Ka sayi ƙaramin littafi da zai shiga aljihu, ka zauna inda mutane suke. Ka lura da yadda mai gidan tamis yake miƙo burodi ba tare da ya ɗago kai ba, da yadda dattijo yake gyara zaman hularsa kafin ya faɗi maganar da ya san ba za a so ba, da yadda yarinya take riƙe gefen abayarta da haƙori idan hannayenta biyu suna ɗauke da kaya. Ka zana su da sauri, ko ka rubuta abin da ka gani da kalmomi. Kada ka ɗauki hoton kowa da waya ba da izininsa ba, domin rashin mutunci ne, kuma a Saudiyya yana iya jawo maka hukunci. Haka kuma kada ka kwashe maƙwabcinka ɗungurungum ka zuba shi a takarda har unguwa ta gane shi. Ka ɗauki tafiyar wani, da muryar wani, da fushin wani, ka haɗa mutum sabo.

Yanzu an iso ga zane. Gwaji na farko shi ne na inuwa: ka zana tauraron a tsaye, ka cike shi da baƙi gaba ɗaya, ka jera shi da sauran taurarin da aka yi wa haka. Idan ba a iya bambance su ba, siffar ba ta yi ba. Wannan gwaji ya fi wuya a wurinmu, saboda maza suna cikin farar jallabiya iri ɗaya, mata suna cikin abaya, don haka dole bambancin ya fito daga tsayuwa da ƙananan abubuwa. Auwalu siriri ne, kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka saboda ɗaukar kula, kuma kullum yana ɗage jallabiyarsa ya ɗaure a ƙugu don ya ji daɗin gudu. Kakarsa gajera ce, ta ranƙwafa, ɗaurin ɗankwalinta yana turo mayafi sama, carbi yana lilo a hannunta. Abu guda da zai zama tambarin mutum ya fi abubuwa goma. Duk wanda ya kalli labarin ƙwallo na Kyaftin Majid, wato Captain Tsubasa na Yoichi Takahashi da ya fara fitowa a 1981, yana gane Bassam, abokin hamayyar Majid, tun daga nesa da naɗaɗɗen hannun rigarsa. Ka kuma tuna cewa za ka zana wannan mutumin sau ɗaruruwa, saboda haka duk adon da ka ƙara masa bashi ne da za ka riƙa biya a kowane akwati.

Ka kiyaye ma'aunin jiki. A zanen da ya kusanci zahiri, tsawon babban mutum yakan kai kai bakwai zuwa takwas, yaro kamar Auwalu wajen shida, ƙaramin yaro huɗu zuwa biyar, zanen barkwanci kuwa yakan sauka har kai biyu ko uku. Ka zaɓi ma'auni ka tsaya a kansa. Sannan ka yi wa kowane tauraro takardarsa: gaba, gefe, baya, da fuskarsa cikin yanayi dabam-dabam, ka liƙa ta a bango inda kake aiki.

Akwai abin da littattafan koyon manga ba su cika bayani a kai ba, alhali shi ne farkon abin da zai tare ka, wato baƙar fata a zanen baƙi da fari. Idan ka lulluɓe fuska da launin toka mai duhu, layukan gira da baki da kumatu za su nutse, motsin zuciya ya ɓace. Ka yi amfani da toka matsakaiciya, ka bar fari a goshi da karan hanci da saman kumatu inda haske yake sauka, ka ƙara wa layin gira da na fatar ido kauri. Kuma ka bambanta launin mutanenka, domin ko a gida ɗaya akwai baƙi, akwai wankan tarwaɗa, akwai fari. Ka guji manyan leɓɓa da zazzaren idanu irin na tsofaffin zanen da aka yi don muzanta baƙar fata, ka duba fuskokin 'yan uwanka ka ga yadda hanci da leɓe suke a gaskiya. Haka ma gashi: shuku dabam, kalaba dabam, askin yaro ranar jajiberin Salla dabam da sumarsa bayan wata biyu, kuma tsawon sumar kaɗai yana iya nuna wa mai karatu cewa lokaci ya wuce.

Manga yana da alamominsa da masu karatu a nan suka saba da su tun daga Spacetoon, tashar talabijin ta yara: ɗigon gumi a gefen kai, jijiyar fushi a goshi, idanu sun koma ɗigo biyu. Babu laifi a yi aro, amma jikin Bahaushe yana da nasa maganar, kuma ita ce za ta sa mai karatu ya yi murmushin gane abu. Yaro ya maƙe kafaɗa, kowa ya san ya ƙi. Uwa ta yi tagumi, ba sai an rubuta tana cikin damuwa ba. Akwai riƙe haɓa don mamaki, da tafa hannu a watsa su, da murguɗa baki, da harara ta gefen ido, da durƙuso wajen gaisuwa, da sunkuyar da kai a gaban babba ana wasa da yatsun ƙafa. Idan tauraruwarka tana sanye da niƙabi kuwa, ba ka rasa komai ba: gira, da buɗewar ido, da karkatar kai, da yadda ta riƙe jakarta za su ɗauki aikin baki. Sautuka ma ka rubuta su yadda kunnenmu yake jin su, tim, ƙwas-ƙwas, fuu, da dogon tsaki, kuma idan ɗaki ya yi tsit ka bar akwatin babu komai sai mutanen.

Magana ita ce rabin hali. Gwajinta mai sauƙi ne: ka rufe zanen da hannu ka karanta abin da ke cikin da'irorin magana kaɗai, ka ga ko za ka gane mai faɗa. Gizo da tsamin bakinsa ake gane shi kafin a ambaci sunansa. Kakar Auwalu tsohuwar Hausa take yi, mai karin magana, tana kiransa "mai gida" tana tsokanarsa cewa ya kasa kawo cefane, shi kuma yana ramawa, kamar yadda jika da kaka suka saba. Mahaifiyarsa ba ta kama sunansa, domin ɗan fari ne, "kai" take cewa, ko ta ce da ƙanwarsa "kira min yayanki", kuma ba za ta taɓa cewa tana ƙaunarsa ba, sai dai ya buɗe kwanonsa ya tarar da tsokar da ta fi girma a ƙarƙashin tuwo. Ƙanwar tana ce masa "Yaya", sai in sun yi faɗa ta kira sunan gatsau. Shi kansa Hausarsa cike take da kalmomin Larabci irin su "yalla" da "halas", baƙala, wato kanti, yake zuwa sayayya, kuma ya san yadda gida yake yin shiru idan lokacin sabunta igama, wato takardar izinin zama, ya matso. Kada ka wanke wannan gaurayen don ya yi kama da Hausar Kano ko ta Sakkwato, domin shi ne shaidar cewa yaron ɗan nan ne. Sai dai ka taƙaita. Da'ira ɗaya kada ta wuce abin da mutum zai faɗa a numfashi guda, kuma duk abin da zane ya riga ya nuna, a cire shi daga baki.

Abokin hamayya ma yana bukatar tambayoyin nan uku. Abin da ya sa masu kallo da yawa suka so Bassam, duk da zafin kansa, shi ne an nuna musu cewa maraya ne da yake rabon jarida don ya taimaki mahaifiyarsa da ƙannensa. A labarinmu, kyaftin ɗin unguwa da ya fi kowa yi wa Auwalu ba'a yana iya kasancewa shi ma jikan Hausawa ne, wanda gidansu suka daina harshen tun zamanin mahaifinsa, kuma ba'ar tasa wani ciwo take rufewa. Ba sai ka bayyana wannan a babi na farko ba, amma kai ka sani, domin zai canza yadda kake zana idonsa.

Duk wannan shiri ne. Hali ba ya tabbata sai an matse mutum tsakanin abubuwa biyu da yake so, an tilasta masa zaɓi. Ga yadda zan tsara shafin da Auwalu zai zama mutum. Akwati na farko mai faɗi: bayan sallar isha'i, titi cike da alhazai, yana tafe da abokan ƙwallo su huɗu, yau ne aka ce za a gwada shi. Na biyu: wata tsohuwa zaune a gefen hanya, takalmi ɗaya a hannunta, jakar alhazan Najeriya a cinyarta. Na uku: bakinta kaɗai, tana cewa, "Bayin Allah, ko akwai mai jin Hausa?" Na huɗu: ƙafafun yaran suna wucewa, har da nasa. Na biyar ƙarami ne, kunnensa da gefen idonsa. Na ƙarshe a ƙasan shafin babu magana, ƙafarsa ɗaya ta tsaya a iska, abokan sun juyo suna kallonsa. A nan shafin zai ƙare, sai mai karatu ya juya takarda kafin ya ga ya durƙusa yana cewa, "Sannu, Iya, wane masauki kike?" Juya shafi makami ne da masu manga suke ji da shi, ka ajiye amsar babbar tambaya a bayansa. Ka kuma lura cewa zaɓin dole ya ci masa wani abu: gwajin ƙwallon ya wuce, kuma gobe za a kwaikwayi muryarsa a fili. Idan alheri bai ci masa komai ba, mai karatu ba zai yarda da shi ba.

Za a iya cewa ai hali zanen dutse ne, to yaya tauraro zai canza? Tushen ba ya canzawa. Auwalu zai ci gaba da zama mai gudun abin kunya, mai son a yaba masa, kuma a babi na gaba yana iya sake ɓoye kula a bayan mota. Abin da yake canzawa shi ne abin da yake aikatawa sa'ad da kunyar ta taso, kuma sannu a hankali ake yinsa, da ci gaba da koma baya. Tauraron da ya shiryu gaba ɗaya a shafi guda wa'azi aka yi da shi, kuma yara suna gane hakan nan take.

Ina da ra'ayi mai ƙarfi a kan abu guda. Kada ka mayar da mutanenka abin tausayi zalla. Takari suna da wahalhalunsu, amma suna da biki da suna da dariya, akwai malamai da 'yan kasuwa da ma'aikatan jinya a cikinsu, kuma masu sunan Hawsawi, wato Bahaushe da Larabci, irin su Usama Hawsawi, sun buga wa Saudiyya gasar cin kofin duniya. Ka bar Auwalu ya yi wauta, ya ci dariya, ya yi santin ful, wato dafaffen wake, da tamis da safe. Haka kuma labarin da yake faruwa a kusa da Harami yana bukatar ladabi wajen abin da ake zanawa da abin da ake sa wa a baki, kuma zana Annabawa da Sahabbai ba abin da za a kusanta ba ne.

Kafin tawada, ka yi daftarin shafukan da zane na gaggawa, da'ira a madadin kai, sanda a madadin jiki, kamar yadda masu manga na Japan suke yi su nuna wa edita kafin su fara aikin gaske. A nan za ka yanke shawarar inda karatu zai fuskanta. Manga na Japan daga dama yake farawa kamar Larabci da ajami, don haka idan da Larabci za ka rubuta, tsarin ya zo daidai. Idan kuwa da Hausar boko ce, ya fi sauƙi akwatuna su bi daga hagu, kuma ka tabbatar salon haruffan da ka zaɓa a kwamfuta ko waya yana da ɓ da ɗ da ƙ, domin da yawa ba su da su. Ka fara da gajere, akwati huɗu ko shafi takwas, kada ka ɗauko labari mai babi hamsin da tauraron da ba ka gwada ba.

Idan daftarin ya kammala, ka ba mutum biyu da ba su san juna ba su karanta, zai fi kyau ɗaya yaro ɗaya babba, kuma kada ka yi musu bayanin komai. Kada ka tambaye su ko ya yi kyau, domin za su ce ya yi. Ka tambaye su abin da ba ya cikin labarin: idan Auwalu ya tsinci riyal ɗari biyu a cikin kular da wani alhaji ya dawo da ita, me zai yi, kuma wa zai fara faɗa wa? Idan suka amsa da sauri, ko suka shiga gardama kowa yana kafa hujja da wani shafi, ka wuce ga tawada. Idan suka ce ba su sani ba, ka koma takardar tambayoyi uku ka duba wadda amsarta ba ta fito a cikin akwatuna ba, ka ƙara mata akwati ɗaya ko biyu a farkon labarin, sannan ka ba wasu mutum biyun dabam.